Garejin haidrolik na Bukuru da ya gyara min silindar girafil: inda suka burge ni da inda suka gaza

Jama'a masu tarakta a Jos da kewaye, musamman waɗanda suka ɗaura loda a gaba suna aikin share gona ko kwasar gungume, ga bayani a kan wani garejin haidrolik da ke wajen Bukuru, can ɓangaren da masu tifa da masu katafila ke kai kayansu. Matsayata dai tun farko, wurin ya cancanci a je, hannunsu na da kyau, amma sai mai haƙuri kuma ba wurin neman araha ba ne. Abin da ya sa nake yabon su abu ɗaya ne, ba sa ɗora sifana a kan komai sai sun auna sun tabbatar inda ciwon yake, kuma duk wanda ya taɓa yawo da matsalar haidrolik a garin nan ya san wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Abin da na kai musu girafil ne, haƙoran ƙarfen nan da ake cire bokitin loda a maƙala a wurinsa, yana da haƙora a ƙasa da muƙamuƙi biyu a sama masu buɗewa da rufewa, kowane muƙamuƙi da tasa silindar. Na hannu ne, ƙirar Amurka, da shi muke kwasar gungumen turare da kututture da duwatsu a gona wajen garin Mista Ali, kun dai san ƙasar Filato, kafin ka samu fili mai kyau sai ka yi fama da dutse. Matsalar ita ce da safe in an tayar da tarakta yana damƙa lafiya lau, amma da zarar an yi ɗan aiki mai ya yi zafi sai damƙar ta yi sanyi, a ɗauki gungume a ɗaga sama kafin a kai inda za a ajiye ya fara zamewa, wani lokaci ya sulɓe gaba ɗaya. Ga kuma mai yana tsattsafowa a bakin silindar hagu ƙura na mannewa. Sannan akwai wani abu na daban da ke zuwa jefi-jefi, direba ya danna maɓallin da ke kan liba don muƙamuƙi ya buɗe, maimakon haka sai girafil ɗin gaba ɗaya ya kifa gaba kamar ana juye bokiti.

Kafin mu je can an riga an faɗa mana magana iri-iri. Wani makaniki ya ce famfon tarakta ne ya mutu a sayi sabo, wani ya ce bawul ne, wani kuma har ya kwance silindar hagu ya canza sil, wato robar da ke hana mai yoyo, ya karɓi kuɗinsa, aka yi ɗan aiki kaɗan abin ya dawo har ya fi da. Famfon haidrolik kuwa ba kuɗin wasa ba ne, ga kuɗin kwance tarakta, da an bi waccan maganar da an zuba kuɗi a inda ba a nan gizo ke saƙar ba.

Mai garejin dattijo ne, kowa Baba yake ce masa, yaransa kuma Oga. Da muka isa ko kallon silindar bai yi ba, direbana ya kira gefe ya dinga yi masa tambayoyi. Loda na ɗaga kaya mai nauyi yadda ta saba? E. Ɗaga garma a baya fa? Lafiya lau. Matsalar da sanyin safiya take farawa ko sai an yi aiki? Wane mai kuke zubawa, yaushe rabon da a canza filta? Sai ya juyo ya ce min, Alhaji in loda na ɗaga cikakken kaya ba ta gajiya to da wuya a ce famfo ne, don famfon da ke ba loda mai shi ke ba girafil, amma ba zan ce maka komai ba sai geji ya yi magana. Aka kawo geji, agogon da ke auna furesha wato ƙarfin matsin mai, aka jona a bakin kofla ta gaba inda tiyon girafil ke shiga, aka riƙe liba, allura ta hau ta tsaya wajen ba 180 (ba, wato bar, shi ne ma'aunin furesha) ba ta rawa, aka bar tarakta ta yi zafi aka sake, nan dai ta tsaya. Yawancin taraktocin gona irin namu tsakanin ba 170 zuwa 200 suke aiki, kenan famfo da bawul ɗin da ke sauke furesha in ta yi yawa duk sun fita daga zargi, a cikin ɗan lokacin da bai kai a ci abinci a tashi ba. Wannan awon kuɗinsa daban ne, ko ka yi gyara a wurinsu ko ba ka yi ba sai ka biya, na ji wani mai tifa yana ƙorafi a kai, ni kam a ganina shi ne kuɗin da ya fi kowanne halatta a duk abin da na biya.

Daga nan ne aka shiga ainihin aikin, kuma a nan na ƙaru da abin da ban taɓa jin wani makaniki ya yi min bayaninsa ba. Silindu biyun nan daga tiyo ɗaya suke shan mai, an raba shi biyu ne da mahaɗa mai baki uku, haka ma ta wajen dawowa. To tunda layinsu ɗaya, fureshar da ke cikin ta hagu ita ce ke cikin ta dama, in sil ɗin fistin na ɗaya ya lalace mai yana tsallakewa daga gefe zuwa gefe, dukansu biyun ne za su rasa ƙarfi, ba za ka iya tsayawa daga waje ka nuna mai laifin ba. Shi ya sa ma Baba ya ce kar tsattsafowar man nan na bakin silindar hagu ya ruɗe mu, wancan sil ɗin sanda ne na waje, shi ana ganin sa da ido, wanda ke kashe damƙa yana ciki a jikin fistin ba a ganin yoyonsa ko ɗigo ɗaya a ƙasa. Kamar sirinji ne, in robar da ke kan abin turawa ta saki, kana turawa ruwa na komawa baya maimakon ya fita ta allura. Kuma dalilin da ya sa sai an yi aiki abin ke tsananta, mai in ya yi zafi yana tsinkewa, da safe musamman lokacin hunturun Jos yana da kauri ba ya saurin bi ta ƙaramar kafa, da rana kuwa ya zama ruwa-ruwa ya wuce abinsa.

Ya kuma ce wanda ya ga muƙamuƙi ɗaya na riga ɗaya rufewa kar ya ɗaga hankalinsa, wannan ba lalacewa ba ce, mai yana fara bin inda ya fi sauƙi ne, in wancan ya kama kaya ya tsaya sai ɗayan ya biyo, haka aka ƙera shi don ya iya kama kaya mai kauri a gefe ɗaya siriri a ɗaya gefen. Ya ce mutane da yawa na kawo masa silinda lafiyayya saboda wannan kaɗai.

Yadda suka gano mai laifin, ga shi dalla-dalla don na tsaya na kalla. Aka rufe muƙamuƙai har ƙarshe, wato sandunan silinda sun fito gaba ɗaya, aka sauke girafil ya zauna a ƙasa, aka kashe inji, aka bar makulli a kunne don wutar maɓalli ta yi aiki, aka danna maɓallin ana kaɗa liba gaba da baya har furesha ta sauka. Sai aka kwance tiyon da ke ɓangaren sanda a jikin silindar dama, aka toshe bakin tiyon da murfin ƙarfe mai zare, aka saka wani guntun tiyo a bakin silindar aka zura cikin bokiti. Aka tayar da inji aka riƙe liba ta wajen rufewa kawai, Baba yana ta nanata wa direba kar ya kuskura ya ja ta ɗaya wajen. A ta dama ɗan ɗigo ne ya fito ya tsaya. Aka mayar aka koma ta hagu, wallahi mai ne ya dinga zuba a bokiti ba tsayawa. Da wani ne da nan zai tsaya, amma ya ce wannan gwajin ƙarshen silinda kaɗai yake nunawa, alhali inda fistin ya fi yawan zirga-zirga a tsakiya ne kuma nan ne ciki ya fi cinyewa, don haka ya sa aka kawo gungume aka damƙe shi yadda fistin zai tsaya a tsakiya aka maimaita wa ta dama, nan ma ta riƙe. Sai a lokacin ya ce to ta dama kar wanda ya taɓa ta, lafiyarta ƙalau. Wannan kaɗai ya rage min kusan rabin kuɗin da na zo da niyyar kashewa, kuma da ya ce duka biyun sai an kwance ba ni da hanyar da zan musa masa.

Akwai ma wata dabara mai sauƙi da ya nuna wa direba ta gona inda babu kayan aiki, a damƙe kaya a riƙe liba na ɗan lokaci sannan a kashe a taɓa jikin bututun silindu biyun da bayan hannu nesa da tiyo, wadda mai ke tsallakewa a cikinta za ta fi ɗaya zafi, don mai in yana matsewa ta ƙaramar kafa zafi yake haifarwa.

Da aka kwance ta hagu a kan tebur sai ga labari. Na farko dai sil ɗin da wancan makanikin ya saka ba girmansa ba ne. Cikin bututun inci 2 ne, awon Amurka, wato milimita 50.8, shi kuma ya samo na milimita 50 a kasuwa ya cusa. A ido ba ka ganin bambanci, yana shiga ya zauna har ya yi maka aiki na ɗan lokaci, amma wannan ɗan 0.8 ɗin a gaban furesha ba 180 ƙofa ce a buɗe. Wannan matsala ce da duk mai kayan Amurka a ƙasar nan ya kamata ya sani, yawancin sil ɗin da ke shagunanmu na milimita ne. Haka ma zaren mahaɗan tiyo, namu na kasuwa galibi BSP ne na Ingila, kayan Amurka kuma JIC ko NPT suke zuwa da shi, kuma a rabin inci BSP da NPT duka zare 14 gare su a inci ɗaya, shi ya sa yake fara ɗauruwa ka zaci ya yi, alhali kusurwar zaren ba ɗaya ba ce, ɗaya digiri 55 ɗaya 60, sai a dinga nannaɗa farin tef ana ɗaurewa da ƙarfi har zaren ya ci, guntayen tef ɗin kuma su bi mai su je su maƙale a bawul. Baba yana da akwati guda na mahaɗai masu canza wannan zare zuwa wancan, kuma yana da ɗan ma'aunin zare, ba da ido yake cewa wannan zai shiga ba.

Na biyu, cikin bututun ya yi ƙarce-ƙarce a tsaye, ba mai zurfi sosai ba amma farce na kamawa. Na uku notin da ke riƙe fistin a jikin sanda ya ɗan saki. Na huɗu sandar kanta ta ɗan lanƙwashe, sai da ya ɗora ta a kan wasu ƙarafa biyu masu baki kamar V ya dinga juya ta a hankali da agogon awo a tsakiya sannan na ga allura na tashi tana sauka. Sil ɗin bakin waje mai goge ƙura daga jikin sanda kuwa ya tsage tuntuni, kenan duk ƙurar hunturu da yashin gona da ke manne wa sanda ciki yake shigewa duk lokacin da aka buɗe muƙamuƙi, shi ne ya ƙarce bututun. Lanƙwasar kuma ya ce daga ƙwaƙular kututture ne da gefen muƙamuƙi ɗaya, da kuma fin da bushin da suka cinye suka yi wasa, silinda an yi ta ne ta tura miƙe, in aka sa ta ɗauki nauyi ta gefe sanda ce ke biya. Ya ce wa direba, yaro in za ka tumɓuke kututture yi amfani da haƙoran ƙasa da ƙarfin loda, na sama aikinsa riƙewa ne kawai.

Ya yi min lissafi a bayan kwali wanda ya sa na fahimci dalilin da gungume ke sulɓewa bayan an saki liba. Silinda mai ciki inci 2 a furesha ba 180 tana tura abin da ya haura tan uku da rabi. In sil ɗin fistin ya buɗe, mai na gaba da na baya sun zama ɗaya, faɗin sanda kaɗai ne ya rage yana riƙewa, sandar inci ɗaya da kwata kuma a wannan fureshar ba ta kai tan ɗaya da rabi ba. Ya ƙara da cewa ba kowane sakin damƙa ba ne laifin silinda, bawul ɗin liba ma in cikinsa ya cinye yana barin mai ya koma tanki a hankali, shi ya sa bai yarda ya kwance komai sai ya ga mai a bokiti da idonsa.

Wajen gyara, sun goge cikin bututun da dutsen gogewa mai juyawa har ƙarcen ya ɓace suka sake aunawa suka ga bai wuce abin da sil zai riƙe ba. Sanda kuma ya ba ni zaɓi biyu, a miƙe ta a injin matsa ƙarfe wanda ya fi araha amma ya ce farin rufin da ke jikinta mai sheƙi yana iya tsattsagewa ya dinga yanka sabon sil, ko a yanko sabuwar sanda mai sheƙi a yi mata zare a injin sassaƙar ƙarfe a yi waldar idon fin. Na zaɓi sabuwa, kuma ina ba duk wanda ya samu kansa a nan shawarar haka in aljihu zai ɗauka. Wajen haɗawa na lura ba su matse jikin sanda a bakin matsi ba, ta idon suka kama, sun nannaɗe zare da leda kafin su zura sil don kar ya yanke, sun jiƙa komai da mai mai tsabta, ba wanda ya tura sil da sukudireba, notin fistin kuma sun sa masa maganin hana kwancewa suka ɗaure da sifana mai awo. Bayan an mayar aka dinga buɗewa da rufewa ba kaya har iskar ciki ta fita fizgar ta daina, aka duba mai aka ƙara, sannan aka maimaita gwajin bokiti a gabana kafin a ce an gama.

Ita kuma matsalar kifewar girafil in an danna maɓalli ashe ba ta da alaƙa da silinda ko kaɗan. Irin namu akwai ɗan bawul mai aiki da wutar batir bolt 12 a hannun loda, in ka danna maɓalli shi ke karkatar da man da ke juya bokiti ya tura shi zuwa muƙamuƙi, in wuta ba ta kai masa ba man zai ci gaba da zuwa inda ya saba. Wani yaronsa ne ya kara sukudireba a kan notin bawul ɗin ana danna maɓalli, wani lokaci maganaɗisu ya ja ta wani lokaci shiru, ya bi waya ya tarar wayar as, wadda ke mayar da wuta ta jikin tarakta, ta yi tsatsa a inda aka ɗaure ta a jikin ƙarfe. Ya kankare ya ɗaure, shi ke nan, ko kobo ba su ƙara min a kan wannan ba. Duk wanda nasa ke irin haka ya fara duba fis da maɓalli da wayar nan tukuna.

Kofla ma sun canza min guda ɗaya da bakinta ya cinye ba ta shigewa har ƙarshe, kuma kofla in ta shiga rabi tana toshe hanyar dawowar mai, sai ka ga muƙamuƙi ya rufe ya ƙi buɗewa ko yana tafiya da ƙyar inji na kuka. Sun kuma yi mana bayanin abin nan da ke ba direbobi haushi, a cire girafil da safe cikin sanyi a bar shi a rana, da azahar a zo jonawa kofla ta ƙi shiga ko za ka hau kanta. Man da ke kulle a tiyo ne ya yi zafi ya kumbura. Maganinsa a rufa tsumma a ɗan sassauta noti ɗaya a hankali ɗan mai ya fita, ba a dinga bugun bakin kofla da guduma ba, sannan a riƙa ajiye shi a inuwa a rufe bakunan kofla saboda ƙura.

Maganar mai kuwa Baba har faɗa ya yi, ba da ni kaɗai ba da duk masu tarakta. Ya ce yawancin taraktocinmu man giya da na haidrolik tanki ɗaya ne, mai na musamman suke so wanda ake rubuta UTTO a jikin jarkarsa, amma mutane na zuba man awo na bakin titi wanda ba a san asalinsa ba, wasu ma baƙin man inji da aka juye. Namu ya ɗan yi fari-fari alamar ruwa ya shiga, abin da ba wuya a daminar Jos in tarakta na kwana a waje, ga guntayen tsohon sil na yawo a ciki, dole aka juye aka canza filta, wannan ma ya ƙara kuɗi sosai amma ban ga yadda za a saka sabon sil a bar shi cikin wancan man ba.

Wani abu da ya ƙara min ganin girman wurin, ina tsaye wani ƙaramin yaro cikin masu koyo ya kai hannu zai shafa tiyo yana neman inda yake yoyo inji na aiki, Baba ya daka masa tsawar da sai da kowa ya waiwayo. Ya ce kwali ake karawa, ba hannu ba. Man da ke fita ta ƙaramar huda a irin wannan fureshar yana huda fata ya shige cikin nama, a waje ka ga ɗan tabo kamar ba komai, a ciki kuwa yana cinye yatsa, in aka yi jinkiri har yankewa ake yi. Wanda hakan ta same shi kar ya tsaya kemis ko ɗauri na gida, ya wuce babban asibiti irin JUTH nan take ya faɗa musu mai ne mai furesha ya shige shi, don aikin tiyata ne. Haka kuma ba ya barin kowa ya shiga ƙarƙashin loda a ɗage sai an tokare.

To yanzu inda suka gaza, don akwai. Babba shi ne lokaci. Sil na inci ba su da shi a ƙasa sai da aka aika Legas aka sako a mota, wannan na fahimta, amma abin da bai yi min daɗi ba shi ne ba za a faɗa maka gaskiyar ranar ba, kullum gobe in Allah ya yarda Alhaji, kai kuma ga tarakta a tsaye ga leburori ana biya ga masu katako na jiran kaya. Da an ce min tun farko abin zai ɗauki lokaci da na mayar da bokiti na ci gaba da wani aikin. Waya ma ba sa ɗauka yadda ya kamata, in kana son sanin inda aka kwana sai dai ka tako da ƙafarka, daga cikin gari zuwa Bukuru kuma ba nan kusa ba ne. In babu wuta injin sassaƙa sai da janareta, kuma kuɗin man a kanka ake ɗorawa ba tare da an faɗa maka tun wajen ciniki ba. Ba su ba da rasit sai da na nema, shi ma a takardar littafi aka rubuta, garanti kuwa na baki ne, in ya sake yoyo ka dawo, na yarda da dattijon amma wanda yake yi wa kamfani ko ƙungiyar manoma aiki yana buƙatar takarda.

Filin garejin ƙasa ce tsurarta, mai ya jiƙa ko'ina, iska in ta taso ƙura har ido. Suna da ɗan ɗaki mai tebur inda ake haɗa silinda kuma nan ɗin suna kula da shi, amma tiyoyin da aka kwance a waje na ga an bar bakinsu a buɗe a ƙasa sai da na yi magana aka ɗaure da leda, mutanen da suka san illar ƙura haka bai kamata a ce sai mai kaya ya tuna musu ba. Sannan wajen mayarwa yaran sun bi da tiyo ɗaya ta inda yake gogar ƙarfe in muƙamuƙi ya buɗe har ƙarshe, direba ne ya lura a gona ya ɗaure shi gefe. Kenan aikin Baba da hannunsa daban, na yaran in ba ya tsaye a kansu daban, ka duba kayanka da kyau kafin ka bar wurin.

Kuɗi gaba ɗaya, awo da sanda da sil da kofla da aiki, ban da mai da filta, bai kai abin da aka ce min sabuwar silinda irin wannan za ta ci in an yi odarta ba, kuma ko kusa da kuɗin famfon da aka so in saya bai je ba. Ya fi na makanikin bakin titi tsada nesa ba kusa ba, kuma ba a cika yin ragi ba. Tun da aka dawo da shi ana aiki har tsakar rana mai ya yi zafi damƙar ba ta canzawa, bakin silinda a bushe yake.

Wanda zai je, in zai yiwu ya kai tarakta da girafil ɗin tare, kar ya cire silinda ya kai ta ita kaɗai a buhu, don rabin abin da suka gano min ba a jikin silindar yake ba, kuma zuwa gona suna yi amma kuɗin ya kusa ninkawa ga shi ba da duk kayan awo suke zuwa ba. A tafi da direban da ke tuƙa ta kullum don shi ne zai iya amsa tambayoyin. In tiyo ne kawai ya fashe ba sai an je can ba, masu matsa tiyo na cikin gari sun isa, a dai tabbatar tiyo mai saƙar waya biyu a jikinsa aka saka kuma zaren ya dace. Fin da bushin na muƙamuƙi sun canza min waɗanda za su canzu, amma ramin fin ɗaya a jikin girafil ɗin ya buɗe ya zama ƙwai, wannan sun ce ba su da injin da zai cike ya sake huda shi daidai, sun saka bushin na wucin gadi suka ce a riƙa ba shi giris kullum kafin a fita aiki, kuma a nemi masu wannan aikin kafin damina ta kama.